Agogon da Ya Hana Ni Ƙetare Gulbi

Shekarar da aka datse layukan waya a duk faɗin jiharmu ita ce shekarata ta biyu a ajin yaƙi da jahilci, kuma ita ce shekarar da wata likita a Gusau ta ce ina da hawan jini. A damina ɗaya abubuwan uku suka same ni, shi ya sa nake tuna su tare. Lokacin na haura shekara arba'in da biyar. Na iya rubuta sunana, ina kuma karanta lambobi har ɗari biyar idan ba a gaggauta ni ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Bunguɗu, gonata ta gero kuwa tana tsallaken gulbi. Da rani da ƙafa ake ratsa yashin. Da damina sai da gora. Babban gora ne mai wuya, ka kifa ƙirjinka a kansa, ka ɗaure rigarka a ka, ka riƙa tuƙa ruwa da hannu da ƙafa har ka fita ɗaya gaɓar. Tun ina ƙarami haka nake zuwa gonar nan, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba.

Na tambayi likitar ko in daina. Ta ce a'a, iyo yana da amfani ga mai irin ciwona, amma kada in bari bugun zuciyata ya wuce ɗari da talatin a minti ɗaya. In ya wuce, in huta.

Na ce, "To likita, ta yaya zan san ya wuce?"

Ta ce akwai agogon da ke ƙirgawa.

Ƙanena da ke gyaran waya a Tsafe shi ya kawo mini irinsa, kwanaki kaɗan kafin a datse layi. Baƙi ne, da maɗaurin roba. Ya nuna mini hoton zuciya a fuskarsa da lambar da ke ƙasanta, ya juya bayansa na ga wani koren haske yana ƙiftawa.

"Yaya, wannan hasken shi ke ganin jininka. Kuma ruwa ba ya ɓata shi."

Ya ɗaura mini shi tam, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Da azahar na zauna alwala sai na ga matsala. Dole ruwa ya taɓa duk fatar hannu, agogo kuwa ya rufe wuri guda. Na kwance shi da ƙyar, don yatsuna sun saba da fartanya ne. Da la'asar ma haka. Da magariba sai na yi dabara, na sassauta maɗaurin da huda biyu, yadda zan tura shi sama in wanke, ya zamo ya dawo da kansa. Matata ta dube shi yana yawo a hannuna ta ce, "Malam, da ka faɗa mini awarwaro kake so, ai da na ara maka nawa."

A tudu agogon bai ba ni wahala ba. Saba'in da takwas, tamanin, tamanin da biyu. Nakan rubuta su a bayan littafin ajina, ina jin daɗi, don wannan ne karo na farko da karatuna ya yi mini wani aiki a wajen aji.

Ranar da na fara shiga gulbi da shi, ina tsakiyar ruwa na ɗaga hannu na duba. Ɗari da saba'in da takwas. Na daina tuƙi nan take, na rungume gora, ruwa ya yi ta jana. Na sake dubawa, arba'in da huɗu. Na ƙara dubawa, babu lamba ko ɗaya, sai gajerun layuka biyu a kwance. Na juya na koma gaɓar da na fito, na fita can ƙasa da mashayar shanu. Da na zauna a kan yashi sai ya nuna casa'in da biyar. Ni kuwa ban ji komai a ƙirjina ba, in ban da tsoron da lambar ta ba ni.

Abu uku na zarga: karatuna, zuciyata, da agogon. Agogon shi na sa a ƙarshe, domin masu ilimi ne suka ƙera shi, ni kuwa bara na koyi bambanta shida da tara. Na je wurin malamin ajinmu na faɗa masa. Ya rubuta lambobi a allo, manya da ƙanana, har da waɗanda na ce na gani. Na karanta su duka.

Ya ce, "Baba, karatunka lafiya lau."

Ya yi tsammanin zan yi murna. Ni da ya ce na yi kuskure da na fi jin daɗi, don yanzu saura zuciyata.

Kwana uku ina gwadawa a bakin ruwa, inda bai wuce ƙugu ba. Ina tsaye cik agogon ya ce ɗari da sittin. Ina ta fantsama da ƙarfi har ina haki ya ce hamsin da biyu. Na rubuta duka, na zauna ina kallon shafin ko zan ga wani tsari, ban gani ba. Ga shi babu halin in kira ƙanena. Wayoyin ƙauyen duk sun koma fitilu, mai shagon caji ma agogona kaɗai yake sa wa wuta a wasu ranaku. Zuwa Tsafe kuwa ba abu ne mai sauƙi ba a watan, man fetur ya yi wuya, hanya kuma ba a sake da ita ba.

Matata ta ce kada in ƙetare sai na ji daga bakin likita. Ranar da aka ba ni in koma asibiti kuwa saura fiye da wata guda. Gero ya riga ya nuna.

Taubashina, ɗan ƙanwar babana, gonarsa tana jikin tawa. Kullum da safe zai biyo ta ƙofar gidana da goransa a kafaɗa.

"Taubashi, agogo ya ba ka izini yau, ko in gaishe maka da tsuntsaye? Sun ce in gode maka, ba su taɓa samun mai gona mai kirki kamarka ba."

Ya ce zai yanke mini idan ya gama nasa. Amma nasa da yawa, shi kaɗai ne kuma, don 'yan ƙwadago ba sa yarda su je tsallake a shekarar.

Wata safiya na ce ya tsaya. Na zare agogon na zura masa, ya shiga ruwa ya yi iyo kaɗan, ya miƙo mini hannu. Ɗari da casa'in.

Na ce, "Naka ya fi nawa."

Ya ce, "To ni ma na mutu ke nan, sai dai ba a sanar da ni ba." Ya zare shi ya ɗaura wa wuyan goransa. Koren hasken ya yi ta ƙiftawa a jikin jiƙaƙƙen gora. Can sai lamba ta fito: saba'in da biyu.

Ya yi dariya har ya zauna cikin ruwa. "Ka gani? Duk cikinmu gora ne kaɗai mai lafiya. Tashi mu tafi gona."

Na kai ƙafa ɗaya cikin ruwa, na tsaya. Agogon da ya ba gora zuciya maƙaryaci ne, na yarda. Amma a tudu lambarsa tana zuwa daidai da wadda aka auna mini a asibiti. To in yana faɗin gaskiya wani lokaci, ta yaya zan san ɗari da saba'in da takwas ɗin nan ba ta cikin gaskiyarsa? Taubashi ba shi da hawan jini, ni ina da shi. Na janye ƙafata. Ya girgiza kai ya kifa ƙirji a gora ya tafi.

Da ranar asibiti ta zo na tafi Gusau da littafina. Likitar ta buɗe shafukan tana bi ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta kama hannuna, ta zura yatsunta biyu a ƙarƙashin maɗaurin, suka shige ba tare da wahala ba.

"Malam, wa ya ɗaura maka shi haka?"

"Ni ne. Saboda alwala."

Ta ce ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Ta ce hasken yana bukatar ya manne da fata. In ruwa ya shiga tsakani, hannu kuma yana motsi, sai agogon ya ƙirga motsin ruwa ya ce jini ne. Sanyin ruwa ma yana rage jinin da ke zuwa kusa da fata.

Na ce, "Ke nan in na matse shi zai faɗi gaskiya?"

"Zai rage ƙarya. Amma a cikin ruwa ko an matse shi ba abin dogaro ba ne. Akwai wanda ake ɗaurawa a ƙirji, ya fi shi."

"Ƙirjina ai yana kan gora."

Ta yi dariya. Ta nuna mini yadda zan sa yatsu a gefen wuya in ƙirga da kaina. Na tambaye ta da wane hannu zan riƙe wuya a tsakiyar gulbi. Sai ta ce to, in riƙa magana ina iyo. In ina iya yin magana ba tare da numfashi ya yanke mini ba, ban wuce ƙa'ida ba. Na so in tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mini haka tun farko ba, amma akwai mutane da yawa a layi.

Washegari na matse agogon har ya yi mini shaida a fata, na shiga ruwa ina karanta baƙaƙen boko da ƙarfi, a, ba, ca, da, kamar yadda muke yi a aji. Na duba shi sau uku duk da an ce kada in dogara da shi. Ɗari da ashirin, ɗari da sittin da ɗaya, tamanin da takwas. Na fita ɗaya gaɓar ban rasa harafi ko ɗaya ba. Har yau ban san nawa zuciyata ta buga a ranar ba, ko a ranar farko.

Gonar na same ta a kwance. Tsuntsaye sun cinye na tsaye, ruwan sama ya ruɓar da wanda ya faɗi.

Kwana talatin da huɗu ban ƙetare ba. Gonar da ke ba ni dami arba'in, goma sha ɗaya na ɗaure. Irin da nake ajiyewa don baɗi, wanda na gada daga babana, ban samu zangarniya mai kyau da zan ware ba. Sai kuma shafuka tara na littafin ajina, cike da lambobi.