Awarwaron Gaisha a Bakin Tekun Wida

Agadas zuwa Dosso

Kafin kiran assalatu kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta bar tashar Agadas. Ƴata Mariyama ce ta haihu a Wida, can bakin teku a ƙasar Benin, inda mijinta Alhusaini ke sayar wa baƙi kayan fata. Matata Gaisha ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, sai ta ɗaure awarwaron azurfa biyu na uwarta a tsumma, ta ce ranar suna in sa wa Mariyama da hannuna. In sun ɓace kuwa, wai in nemi gida a can.

Na cusa su a aljihun wando. Hanyar Tawa rami ce bisa rami, kowane muka faɗa sai na shafa cinyata. A shingen Abalak wani jandarma ya lura, ya tambayi abin da nake ɓoyewa. Na ce ƙaiƙayin tsufa ne. Da yatsa biyu ya miƙo mini takarduna. A tashar Dosso na kwana bisa gefen aljihun har ƙafar ta mutu.

Gaya zuwa Kwatano

A Gaya aka ce kwalekwale za mu shiga mu ƙetare kogi. Ni da ruwan da na sani bai wuce na rijiya ba, sai ƙoramar Telwa in ta ga dama ta kawo. Na rufe ido na karanta duk surorin da na haddace, ba su da yawa, sun ƙare ba mu kai tsakiya ba. A Paraku na ci sakwara ta jika ɗaya da hannu guda, ɗayan na gadi.

Wida

Saura kwana biyu suna. Alhusaini ya ɗauke ni a kabu-kabu ya nuna mini tsohuwar ganuwar Turawa da igwoyinta masu tsatsa, da wani ɗaki da ake kiwon mesa. Wannan daga ƙofa na gaishe su. Sannan muka bi hanyar da aka riƙa koro bayi zuwa jirgi. A ƙarshenta akwai babbar ƙofa, bayanta ba komai sai ruwa. Duk surutuna a nan ya tsaya.

Da Alhusaini ya koma rumfarsa, sai na ji ina son tsoma ƙafa, don in samu abin cika baki a majalisar unguwarmu Dagmanet. Amma in ruwa ya kayar da ni fa? Sai na yi abin da muke yi a ayarin Bilma tun ina saurayi: na tona rairayi zurfin kamu guda, na binne tsumman, na kife ɓawon kwakwa a kai. Na jiƙa ƙafa, na hau na yi azahar, na ci soyayyen kifi, barci ya sace ni a inuwa.

Da la'asar na sauko. Teku ta matso. Inda na yi alama ruwa ya kai ƙugu.

Na ruga wajen surukin nawa babu takalmi. Ya saurara, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, rairayin nan ba irin namu ba ne. Ba ya riƙe ajiya."

Wata mai ƙyafe kifi da ke jin Hausa kaɗan ta ce ruwan zai janye, kullum haka yake zuwa ya koma, in dawo gobe da hantsi. Tuwon da Mariyama ta ajiye mini ko taɓa shi ban yi ba.

Da hantsi masunta suka taya mu tono, suna ta dariya cikin yarensu. Farcena ya tsage. Wajen azahar ɗayansu ya ɗaga awarwaro guda. Guda ɗaya tak. Muka ci gaba har ruwa ya sake korar mu.

Ranar suna na sa wa Mariyama shi a gaban mata. Ta dubi ɗaya hannun, ta dube ni. Kafin in buɗe baki an ɗauki hoto an aika Agadas.

Gida

A bakin ƙofa na tarar da Gaisha zaune, waya a cinya. Na soma da labarin mesa, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malam, ƴarka hannu nawa gare ta?"

Na faɗi yadda aka yi. Ta ce tunda rabi na kai, rabin gida zan samu.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Alhusaini da masuntan Wida. Mai son gaishe ni ya same ni a zaure, nan tabarmata take yanzu.