Baba Shekari da Yashin da Aka Soya a Kasko

Kafin ya taɓa kowane maɓalli, Baba Shekari sai ya tankaɗe yashi. Haka yake fara kowace safiya a ma'aikatarsu da ke Kakuri, domin injinsa da ruwa yake yanka. Ruwan yana fitowa siriri kamar zare, gauraye da lallausan yashi, ya tsaga ƙarfe ko gilashi, ya bar 'yar hanyar da sai ka kanne ido za ka gani. A wannan watan Baba yake ajiye aiki.

Daminar bara, allon rubutun Hadassah, wata ɗaliba makauniya a unguwar Romi, ya karye gab da jarrabawar gama sakandare. Allo ne mai ƙananan kafofi, ta cikinsu take danna takarda da tsinke. An zaga kasuwanni, ba a samu ba. In babu shi, sai baɗi.

Da Hadassah ta kawo wa Baba karyayyen allon, ya jujjuya shi, ya ce, "'Yata, je ki ci gaba da karatu. Bar mini wannan."

Sai ga yashi ya sha danshi, yana toshe bakin injin, rana kuma ta ƙi fitowa. Ya ɗora buhun yashin a babur ya kai wa matarsa, Mama Phoebe.

Ta riƙe haɓa. "Baban Kevin, mutane gyaɗa suke soyawa da yashi. Ga yashi, ina gyaɗar?"

"Soya dai, Madam. Gyaɗar tana hanya."

Ta soya shi a kasko, maƙwabta suna ta dariya. Ya tankaɗe, ya yanka kafofin a sabon allo ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna yana goge bakin kowace kafa. Da Hadassah ta bi allon da yatsa, sai ta ce, "Baba, ko'ina sumul!"

Baba, kai ne ka tuna cewa yatsa ne zai karɓi aikin nan, ba ido ba. Ruwa mai yanka ƙarfe, sannu da aiki. Mun gode, Allah ya ba da hutu mai daɗi. Masu sana'a, ku duba hannun da aikinku zai faɗa, kamar yadda Baba ya duba.

Hadassah ta ci jarrabawa. Da ta ji labarin suyar yashin, ran Lahadi bayan an tashi daga coci ta je gidan Baba da ƙullin gyaɗa, ta ce, "Mama, ga ta, ta iso."