Wasiƙar Malam Hambali Mai Shafi Huɗu

Shekara biyar Malam Hambali ya yi a Kuala Lumpur yana digiri na uku a kan wasiƙun wani tsohon ministan Ingila da ya mutu tun ba a haifi kakanninmu ba. Gida ɗaya muke haya a unguwar Wangsa Maju, don haka ni na sha karatun. Yau ministan na umartar hakiman ƙasarsa, gobe yana tura sojoji ƙasar Ailan, jibi yana amsa kukan mutanen can kan yunwa. In mun zauna cin abinci a mamak, wato shagon abincin Indiyawan can, sai Malam ya ture faranti ya ce, "Datti, ji yadda manya ke rubutu! Sai sun gama girmama mutum kafin su faɗi buƙata."

Nakan ce masa, "Malam, ci abinci tukuna, bature ba zai gudu ba."

A shekarar da korona ta rufe ko'ina, aka bugo daga Gusau cewa mahaifiyarsa na kwance, jiki ya yi tsanani. Ana cikin haka wani ofishi ya sanar da jirgin kwaso 'yan gida. Kujeru kaɗan ne, sai wanda ya rubuto dalili mai ƙarfi.

Kwana biyu yana rubutu, ya cika shafi huɗu. Na ce ya kawo in duba, ya hana. Shi ɗan fari ne, goyon kaka, bai taɓa kiran mahaifiyarsa uwa da bakinsa ba, ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba. Na san da haka, amma ban kawo kunyar za ta bi shi har kan takarda ba. Har yau ina jin haushin kaina.

Sunaye suka fito babu nasa. Jirgi ya tashi ran Talata, tsohuwa ta cika ran Asabar. Masallatai a rufe, mu uku da wani maƙwabcinmu muka yi mata sallar ga'ibi a falo, kowa da takunkumi.

Bayan kwana bakwai ya miƙo mini wasiƙar. Gaisuwa da godiya da yabo sun cinye shafi uku. A can ƙasan na huɗu ya rubuta cewa akwai wata dattijuwa a gidansu da ba ta jin daɗi, in da hali zai so ya je ya duba ta.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya. "Haba Malam! Wa zai ba ka kujera saboda wata dattijuwa? Me ya hana ka ce uwarka ce?"

Ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa.

"Na rubuta, Datti," ya ce. "Sau uku ina rubutawa ina gogewa. Gani nake kamar tana tsaye a bayana tana karantawa."