Idon Inna da Taurarin Sahur

Shekarar da aka cire wa surukata yanar ido, azumi ya zo cikin sanyi. Muna zaune a Gwadangaji a lokacin, domin maigidana yana cikin ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato bayan an ba mu jiha. Inna, haka muke kiran mahaifiyarsa, daga Argungu aka kawo ta. Likita ya ce ta zauna wurinmu, ta guji hayaƙin murhu har ya sake duba ta. Zaman ya gundure ta ƙwarai, mace ce da ta saba turara shinkafa tun da sassafe.

Ranar nan na tashi ɗumamen tuwon sahur, na bar ta a tsakar gida kan tabarma, lulluɓe da bargo tana jan carbi. Can sai ta kira ni a hankali.

"Ɗiyata, taso da maigidanki. Idon ga ya ɓaci. Wuta nika gani tana gilmawa."

Na ruga na taso shi. Ya fito da tocila ya haska idon, bai ga ja ba, bai ga kumburi ba. Yana tambayarta ko akwai ciwo, ni kuma na ɗaga kai ina addu'a. Sai ga wani tauraro ya tsinke daga gabas, ya ja dogon haske mai ɗan kore, ya ɓace bayan darbejiyar maƙwabta. Kafin in buɗe baki wani ya biyo shi.

"Inna, ba idonki ba ne," na ce. "Ni ma na gani."

Muka kashe fitila, muka taso 'yan matanmu biyu, duk muka cusa ƙafafu cikin bargon Inna. Wani lokaci a yi shiru har mu ce sun ƙare, sai uku su zubo tare. Maigidan ya ce malamai sun faɗa cewa shaiɗanu ake jifa da su. Babbar ta tambaye shi, ashe ba a ɗaure shaiɗanu da azumi ba? Ya yi dariya, ya ce zai kai tambayar makarantar dare.

Inna ta rufe idon da ba a taɓa ba da tafin hannu, tana kallo da sabon. Daga baya ta ce rabonta da ganin tauraro tun kafin a haifi ƙaramar, ko farin wata ma kamar ta cikin ƙyalle take ganinsa. Ta miƙa yatsa yamma ta nuna wa jikokinta taurarin nan, Kaza da 'ya'yanta, ba ta kuskure ba.

Ƙaurin tuwo ne ya tuna mini da murhu. Na iske ya kama ƙasan tukunya. Fura muka dama a gurguje, muka sha a tsaye, kanmu a sama, har ladan ya yi kira.