Daminar da Na Gudu Kano Don In Zama Mai Barkwanci

Shekarun baya, ina saurayi a Ba'awa, i'ina ta hana ni sakat. Sallama kaɗai sai na yi gumi. Kullum ji nake garin ya yi mini kaɗan, alhali ban san inda nake son zuwa ba.

Wata ranar kasuwa na kai rediyon mahaifina gyara Kiru. Mai gyaran, wani dattijo, ya kunna tsohon kaset mai hoto baƙi da fari. Wani siririn Bature ne yake kokawa da tsani. Bai ce uffan ba, amma duk shagon dariya ake yi.

"Baba, w-wane ne wannan?"

Ya ce, "Tun yana ƙarami yake wasa a dandali. Ya yi suna a duniya bai buɗe baki ba. Da fim mai magana ya shigo, kasuwarsa ta mutu. Haka ya tsufa yana 'yan ƙananan fitowa."

Ni dai farkon labarin kawai na ji. Na dawo gida na kasa zama. A gona sai in yar da fartanya in yi ta gwada faɗuwa. Ana tsaka da noma na sulale Kano, na bar wa mahaifina gonar masara shi kaɗai.

Na yi makonni ina bin 'yan fim kafin wani darakta ya ba ni fitowa. In shigo kawai in ce, "Alhaji ya iso." Sau tara ina maƙalewa a "Alhaji". Na roƙe shi ya bari in nuna da hannu. Ya ce, "Malam, mu nan magana muke sayarwa."

Bayan wata biyu na koma gida, ciyawa ta cinye rabin gonar. Na tarar da mahaifina a gindin ɗorawa. Ya ce, "To, me ka yo?"

Baki ya ƙi. Sai na miƙe na nuna masa: shigowata, maƙalewata, darakta yana dafe kai. Ya yi ta ɗaure fuska har dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da hawaye. Sannan ya miƙo mini fartanya. "Ka iya. Ɗauki, rana tana yi."

Hatsin shekarar bai kai mu wata daminar ba, sai da aka sayar da tunkiyar mahaifiyata. Wannan har yau yana ci mini rai. Na zauna, na yi iyali, ina nomana. Amma duk ranar da na ga guntun fim ɗin Baturen nan a waya, nakan tashi in yi ta zagaya tsakar gida, har matata ta tambaye ni me nake nema.