Ranar da Na Wanke wa Motata Ciki

Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina aikin duba-gari. Ni ne mai leƙa randar mutane, mai bin kwata, mai shinshina naman mahauta in ce wannan a ci, wannan a binne. Gidana yana Gumel, wurin aikina yana Gagarawa, abin da ke haɗa biyun kuwa wata tsohuwar mota ce 'yar Kwatano, wadda sai da ta gama yi wa Turawa bauta, ta tsufa tukuf, sannan aka ga ta dace da ni.

Ba ta taɓa ba ni kunya ba, gaskiya. Galan guda na fetur yana kai ni Gagarawa ya dawo da ni har ƙofar gida. A shekarar da mai ya yi tashin gwauron zabo ne ta sauya hali. Galan ɗin nan sai ya fara ƙarewa tun ina hango bishiyoyin bakin gari, in tsaya wurin 'yan bumburutu a ɗura mini kwalba ɗaya kamar mai jinya.

A shekarar kowa ya zama masanin tattalin mai. Akwai mai cewa a riƙa kashe mota a gangara, alhali ƙasarmu shimfiɗe take kamar faifai, sai ka yi tafiyar yini ba ka ga gangarar da za ta mirgina ƙwai ba. Akwai mai cewa a sha mai da sassafe, wai lokacin ya fi kauri. Duk na gwada. Da abin ya ƙi, na kai kuka wurin bakanikena, wani dattijo da ke da rumfa a bayan tasha, wanda ba ya sauri a magana, ba ya sauri a aiki. Ya saurare ni yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Duba-gari, ka kawo ta ka bar mini ita yini guda, in ɗaga ta in duba ƙafafunta."

Na yi masa godiya na tafi. A raina na ce, ina kukan ciki yana maganar ƙafa. Ni da na yi karatun kiwon lafiya har da takarda, ai na san inda ciwo yake.

Ana haka matar ƙanin matata ta haihu a Sule Tankarkar. Ƙanin nata ya bugo waya ya ce, "Yaya, kai ka san lafiyayyar dabba. Ka saya mana ragon suna a Maigatari, ku taho da shi ranar sunan, tunda za ku ɗauko Hajiya." Hajiya ita ce surukata, mahaifiyarsu. Ranar Alhamis na shiga kasuwar Maigatari, na buɗe bakin rago ya fi goma kafin na zaɓi ɗaya fari tas mai ƙaho a naɗe.

Ina ƙoƙarin cusa shi a bayan mota ne na ga taron mutane a gefen titi. Wani mutum ne sanye da farar riga irin ta likitoci, ya kafa laima, gabansa da wata na'ura mai tiyo biyu da fitilu ja da kore. Yana ta bayani cewa kowace mota tana tara kabon a cikinta, wato kunkunniyar da ƙonewar mai ke bari, kuma ita ce ke shanye fetur. Na matsa don in ji kawai. Sai ya zagaya bayan motata, ya zura yatsa a salansa, ya zaro shi baƙi ƙirin, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Yallaɓai, wane aiki ake yi?"

Da na san abin da zai biyo baya da na ce noma. Na ce, "Duba-gari ne."

Ya dubi yatsansa, ya dube ni, ya dubi jama'a. Ya ce, "Subhanallahi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Wani mahauci da na taɓa sa wa aka binne cinyar sa guda yana cikin taron, na ji dariyarsa ta fi ta kowa tsawo.

Nan take na miƙa makulli. Ya buɗe bonet, ya soka tiyo ɗaya a maƙogwaron inji, ya juye wani ruwa mai warin kananzir a cikin baƙin mai, wani kuma a tanki. Sannan ya zauna ya taka totur har ƙasa. Motar, baiwar Allah, ta yi kururuwar da ban taɓa jin ta yi ba. Hayaƙi ya turnuƙe, masu raƙuma suka janye dabbobinsu suna Allah-ya-isa, ragon da ke baya ya yi ta atishawa. Ni kuwa ina tsaye na harɗe hannu, ina jin daɗin da nake ji idan an yashe kwatar da ta shekara a toshe.

Da ya gama ya ce, "Yanzu ta zama amarya. In ka ga hayaƙi kwana biyu, kar ka damu, sauran dattin ne ke fita."

Wannan jumla ita ce mafi hikimar da na taɓa ji daga bakin ɗan kasuwa. Duk abin da zai faru ya riga ya ba shi suna.

A hanyar dawowa Gumel motar ta yi sakayau, ko kuma ni ne na ji haka. Washegari a ofis na tara abokan aiki na yi musu lacca. Na ce jahilci ne mutum ya wanke jikin mota ya bar cikinta. Da yamma galan ya ƙare a daidai inda ya saba ƙarewa, gaban ɗan bumburutun da ya saba jirana. Na ce wa kaina ai ba a warkewa rana ɗaya. Ranar Asabar ta fara rawar sanyi in na tsaya, hayaƙin kuma ya koma shuɗi-shuɗi. Matata ta fito tana toshe hanci da mayafi.

"Malam, wannan motar lafiya kuwa? Shanyata duk ta yi wari."

"Sauran datti ne ke fita."

"To Allah ya sa in ya gama fita a samu sauran mota."

Ranar Lahadi na ƙara mata baƙin mai, ranar Litinin na sake ƙarawa. Ban bi ta bayan tasha ba ko sau ɗaya, sai in zagaya ta wata hanya don kada dattijon nan ya ji tarinta.

Suna ya kama Talata. Muna idar da sallar asuba muka ɗauki Hajiya. Ita da matata suna baya da kwanukan waina da ƙullin kayan jariri, rago yana but, an ɗaga murfin an ɗaure da igiya don ya sha iska. Tsakanina da Hajiya akwai kunya irin ta da. Shekara goma sha takwas ina auren 'yarta, ba ta taɓa kallon idona ba, ba ta kuma taɓa yi mini magana kai tsaye ba in ban da amsa gaisuwa. Duk abin da za ta faɗa mini, 'yarta take faɗa wa, ko da kuwa ni ne kusa.

Mun ci fiye da rabin hanya, gari ya waye, gonakin gero duk an girbe sai kara a tsaye, sai motar ta fara shessheƙa. Na taka, ta yi kamar za ta amsa, ta fasa. Ta yi wata ƙara sau biyu, ta gangara gefen titi da kanta, ta yi shiru.

Na fita na buɗe bonet, saboda haka ake yi. Na kalli inji, inji ya kalle ni. Na taɓa wata waya, na hura wani wuri. Na dawo na murza makulli, ta yi gurnani ta ƙi tashi. Waya ta fara ƙara a aljihuna: liman ya iso, mutane sun zauna, mahauci ya wasa wuƙa.

Daga baya na ji muryar Hajiya a hankali. "Ke, tambayi Malam, ko man ne ya ƙare?"

"Akwai mai, Hajiya," na faɗa ina kallon sitiyari.

Matata, wadda Allah bai hore mata rufa asiri a irin wannan rana ba, ta ce, "Wanke mata ciki aka yi a Maigatari."

Hajiya ta yi shekara arba'in tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Ikon Allah. Ni dai tukunyar da nake suya da ita tun kafin a haife ki, ban taɓa kankare gindinta ba. Ranar da wata mai tsafta ta kankare mini, ranar ta fara yoyo." Ta gyara zama. "Amma ni ban yi boko ba."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Wani mai babur ya zo wucewa, magidanci da buhun riɗi a baya. Na tare shi na yi masa bayani. Mutumin kirki, ya sauke buhunsa a motata, muka ɗaure ƙafafun rago, ya rungume shi a kan tanki ya wuce. Rago dai ya isa a kan lokaci, cikin mutunci, an raɗa suna ba mu nan. Na roƙi Hajiya ta bari in samo mata wani babur. Ta ce wa 'yarta ita ba ta taɓa hawa ba, ba kuma za ta fara a gaban suruki ba.

Wanda ya cece mu wani manomi ne da amalanken shanu, zai shiga gari ɗaukar kaya. Ya ɗaura igiya a gaban motar, ya ce in zauna in riƙe sitiyari. Bijimai biyu suka ja. Sun yi taku kaɗan sai ya tsayar da su, ya zagayo yana kallon motar.

"Alhaji, ka saki birki mana."

"A sake yake."

"To wallahi motarka ta fi kayan gero nauyi. Kamar ana riƙe ta ta baya."

Na ce masa haka motocin Turai suke, ƙarfensu mai kauri ne. Ya gyaɗa kai irin na wanda ba ya son musu da mai babbar riga.

Haka muka shiga Sule Tankarkar da hantsi, a daidai lokacin da 'yan suna ke zaune a ƙofar gida ana rabon goro. Babu wanda bai gan mu ba. Ni a gaba da hula da babbar riga ina murza sitiyari da muhimmanci, kamar akwai inda zan iya karkatawa ban da inda shanu suka nufa. Mutane suka taso suna "Sannu, sannu da hanya," da irin fuskar da ake yi idan dariya ta cika baki ana kunyar sakinta. Hajiya ta fito, ta kakkaɓe zane, ta ce wa 'yarta, "Ki yi wa Malam sannu. Tafiyar ta yi daɗi, ba gargada, kuma ko ɗigon mai ba mu ƙona ba."

Washegari wata motar ɗaukar kaya ta jawo ta zuwa Gumel, har rumfar bayan tasha. Dattijon ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan benci, kowanne jiƙe sharkaf da baƙin mai. Ya shinshina sandar gwajin mai.

"Wa ya yi mata wanka?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Wankan ba haram ba ne, Duba-gari. Motar da ke da sauran ƙuruciya yana yi mata amfani. Taka kuwa ringin injinta sun cinye tun tuni, dattin nan shi ya toshe ramukan yake riƙe da mai. An kwashe shi, mai ya samu hanya yana hawa sama yana ƙonewa. Wanda aka ɓamɓaro kuma ya je ya toshe inda bai kamata ba. Sai an sauke inji."

Na ce, "To amma ai kabon ɗin ne ke shan man."

Ya jawo jak ya ɗaga bayan motar, ya ce in juya tayar hagu. Na juya, ta yi ta wulwulawa. Ya ce in juya ta dama. Na sa hannu ɗaya, ta ƙi. Na sa biyu har da nishi, da ƙyar ta motsa. Birkin ne ya kame, wata da watanni ina jan mota da ƙafa ɗaya a ɗaure. Ya kwance tayar, ya ɗan bubbuga, ya goge tsatsa, ya shafa giris. Kafin mai shayin gefe ya gama haɗa mini kofi ɗaya, ya gama. Ya tura tayar da ɗan yatsa, ta yi ta juyawa.

"Ga ɓarawon manka," ya ce. Ya koma kan bencinsa.

Mako uku injin yana ƙasa. Mako ukun nan a motar haya nake zuwa Gagarawa, mu huɗu a kujerar mutum uku, galibi tare da masu abinci da mahautan da suka san ni farin sani. Labari ya riga ni shiga kowace mota. Ba wanda ya yi mini rashin kunya. Tambaya dai suke yi cikin ladabi, ko gaskiya ne shanu sun fi fetur arha, ko kuma akwai tarar da ake cin wanda ya cika tsafta.

Da aka ɗora injin, motar ta koma shan manta na da, galan guda zuwa da dawowa, ba ƙari ba ragi. Ranar da na koma ofis da ita, ina fitowa sai ga akawunmu ya taho da sauri ya kama hannuna da hannu biyu. Ashe laccar da na yi ta shige shi, ya kai tasa motar Maigatari an wanke. Tasa ba ta tsufa ba. Ya ce tun daga ranar ta daina rawa, tana tashi bugu ɗaya, man ma ya ga sauƙi. Ya yi ta sa mini albarka a gaban mutane, ya ce samun mai ilimi a ofis rahama ne. Har ya yi ritaya, duk wanda ya yi kukan mota a gabansa sai ya nuno ni ya ce, "Je ka wurin Duba-gari, shi ya san kan inji."