Dokunu a Bayan Labule

Wata rana a watan Agustan 1982, bayan azahar, jiri ya kwashe ni a bakin tashar Boɗinga, na zube a gaban Baba. Shekarata tara a lokacin. Tun sassafe muka baro ƙauyenmu da ke ƙasar Shagari, muka zo neman hatsi wurin wani ɗan'uwansa, muka tarar shi ma hannunsa wayam. Abin da ke cikina tun jiya bai wuce kwaɗon tafasa ba.

Shekarar ta zo da tsanani, gero bai nuna ba, na rumbu kuma ya ƙare. Amma a gidanmu yunwa sirri ce. Rumbun Baba na nan a rufe kamar cike yake, Inna kuwa kullum la'asar sai ta zuba dusa a turmi, mu yi ta lugude don maƙwabta su ji ana daka. Da dare mu fita gaɗa da bakinmu shafe da man gyaɗa, kai ka ce tuwo muka tashi a kai. Baba mutum ne mai tsare girmansa, har yana da maganar da shi da limamin ƙauyenmu, Malam Bube, suka daɗe suna yi wa samari faɗa da ita: "Magidancin da yac ci abinci kasuwa, ya yi shelar gidanai ya mutu."

To, ga ɗiyarsa kwance a ƙasa, ga kuma rumfar wata 'yar Gana a bayan tasha, inda direbobi da 'yan dako ke cin abinci mai araha. Baba ya duba gabas ya duba yamma, ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya ɗauke ni muka shige. Matar ba ta tambaye shi komai ba. Da ganin yadda yake rarraba ido, ta kai mu can ƙurya, bayan wani labulen buhu, ta ajiye mana dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake dafawa a naɗe cikin ɓawon masara, da niƙaƙƙen barkono da ɗan soyayyen kifi. Ban taɓa ganin irinsa ba. Tsamin ya kama mini haƙora, yajin ya sa ni hawaye, amma hannuna bai tsaya ba.

"Ci maza, ɗiyata, kak ki ɗaga kai," in ji Baba. Shi kansa bango ya fuskanta, yana kai loma kamar mai sata. Duk takun da ya gitta sai hannunsa ya tsaya a iska. Tsoro ya kama ni, don na san idan wani ɗan ƙauyenmu ya gan mu, kafin mu isa gida labari ya riga mu, kuma Baba ba zai sake buɗe baki a majalisa ba.

Ana cikin haka aka ɗaga labulen. Takalman na fara gani, na kuwa san su, don kullum a ƙofar masallaci suke. Malam Bube ne, shi ma rawani a baki, riƙe da hannun ƙaramin ɗansa wanda wuyansa ya zama kamar sillen kara. Waɗannan mutane biyu da gaisuwarsu kan ɗauki tsawon dahuwar shayi, suka haɗa ido sau ɗaya tak. Malam ya juya ya zauna a ɗaya gefen bencin da muke kai, bayansa na kusan taɓa bayan Baba. Haka suka ci, ba ka jin komai sai shessheƙar yaron saboda yaji. Da muka gama, Baba ya tura ragowar kifinsa gefe da yatsa ba tare da ya waiwaya ba, har ya kai gaban yaron, muka fita.

A hanya ya tsaya ya dube ni. "Mi kig gani can ciki?"

"Ban ga komi ba, Baba."

"Madalla. Allah shi yi miki albarka."

Washegari suka gaisa a ƙofar masallaci, doguwar gaisuwa kamar kullum, har da tambayar iyali, kowa na cewa lafiya lau. Sai dai daga ranar ban sake jin ɗayansu ya yi wa samari wancan faɗan ba. Matar kuwa, da aka ce baƙi su bar ƙasa a farkon shekarar da ta biyo, ta tafi, ko sunanta ban sani ba.

Yanzu jikokina kan ci abinci a bainar jama'a, har su ɗauki hotonsa su nuna wa duniya, ba kuma na ganin laifinsu. Baba da Malam duk sun riga mu gidan gaskiya, kowa da asirin ɗan'uwansa a rufe, ina kuma kewarsu ƙwarai. Ni dai har gobe, idan na shiga gidan abinci, bango nake fuskanta.